Ɗan gilashin ƙara girma da na maƙala wa wayata, wata ukku ina farautar gizo-gizo da shi a Maradi

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na sa hoton idon gizo-gizon nan a status ɗina mutane ke ta tambayata wai da wace kamara na ɗauka, wasu ma cewa suka yi daga intanet na kwaso shi, to wlh wayata ce dai wadda kuka saba gani a hannuna, wani ɗan gilashi ne kawai na maƙala mata a ido, wanda na saya jika 2 da rabi a wata butik ta masu kayan waya cikin babbar kasuwa. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau guda, mai so ya saya ya san abin da zai saya, wanda kuma ba zai mishi amfani ba ya riƙe kuɗɗinshi.

Ni malamin SVT ne, wato darasin kimiyyar halittu da ƙasa, a wata CEG, ƙaramar sakandare, nan cikin gari, kuma abin da ya kai ni ga sayen gilashin nan wani hoto ne da wani abokin aiki ya turo a gurup ɗinmu na WhatsApp wajen farkon shiga lakwal. Hoton wani gizo-gizo ne mai dogon wuya, kai can sama, ga wasu dogayen muƙamuƙai guda biyu sun sauko daga kan sun kwanta a jikin wuyan, in ka gan shi ta gefe sak tsuntsun nan kwasakwasa ya sunkuyar da baki bisa ƙirji. Rabin gurup suka ce haɗi ne na kwamfuta. Ni ma da farko haka na ɗauka, sai da na zauna dare biyu ina karatu na ƙone mega ɗina kaf sannan na tabbata halitta ce ta gaske, danginsu sunanshi Archaeidae, Turawa na ce mishi gizo-gizo kwasakwasa saboda siffar, wasu kuma su ce mishi makashi, don ba shi da wani abinci sai ƴan uwanshi gizo-gizo. Duk girman da yake yi a hoto, a zahiri daga milimita 2 ne zuwa 8, mafi yawansu ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Na kai hoton kilas na nuna ma yara, waya na zagayawa tebur-tebur, ana ta salati. Sai wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, mushe to ina bakinshi yake, can sama ko ƙasa? Tambaya ce mai kyau ƙwarai, don abin mamakin halittar ke nan, idanunshi takwas da gindin muƙamuƙan suna can bisa ƙololuwa, bakin kuwa yana ƙasa a gindin wuyan, muƙamuƙan ne ke miƙo abinci su sauko da shi inda bakin yake. Ina cikin zana wannan a tabulo na lura yaran sun yi shiru irin na wanda bai gane ba. Na ce wa ya taɓa ganin muƙamuƙin gizo-gizon ɗakinsu? Ba ko ɗaya. Yara sama da 80, kowa ya kashe gizo-gizo da takalmi ko tsintsiya ba adadi, amma ba wanda ya taɓa kallon fuskarshi. To ta yaya zan ce musu na hoton nan, ɗan tsibirin Madagaska, muƙamuƙinshi ya fi na kowa tsawo alhali ba su san na kowan ba? Mikroskop ɗin lakwal ɗinmu guda ne, madubinshi ya fashe tun kafin a kawo ni, ko da lafiyarshi lau ma ba a sa gizo-gizo mai rai a ƙarƙashinshi. Ran asabar ɗin nan na hau kabu-kabu na tahi kasuwa.

Butik huɗu na shiga kafin in samu, don in ka ce gilashin ƙara girma sai a miƙo maka gilashin kare fuskar waya. A ta biyar ne yaron shagon ya ce, a'a mushe ko wanda masu TikTok ke saye kake nuhi, ya jawo wata ƴar jaka ta ƙyalle baƙa daga ƙasan kanta duk ta yi ƙura. A ciki akwai maƙali na roba kamar na shanya, da gilasai da murafunsu. Kwalin ya ce gilashi ukku ne, ni kuma biyu nake gani, na ce ɗaya ya ɓata, yaron ya rantse haka suke zuwa. Muna cikin haka Alhajin mai butik ya dawo daga masallaci, ya amsa ya duba, ya murɗa ɗaya daga ciki sai ga shi ya rabu biyu. Ashe mai faɗaɗa hoto da mai ƙara girma a ɗaure suke zuwa, ɗaya bisa ɗaya, sai ka kwance na saman sannan na ƙasan, ɗan siririn nan da aka rubuta macro a gefenshi, ya yi aikinshi. Dan Allah duk wanda zai saya ya riƙe wannan, don na tabbata mutane da yawa sun saya sun jefar suna cewa jabu ne alhali ba su kwance ba.

Ta wajen mu'amala ba ni da abin cewa sai godiya. Alhaji ya bar ni na gwada kafin in biya, na ɗora a bakin hular da ke kaina na ga zare ɗaya-ɗaya kamar igiyar guga, na ɗora a bayan hannuna na ga gashi da ramukan fata. Jika 4 ya fara cewa, muka daidaita a 2500F. Ganin ina son abin sai ya fiddo wani kuma, ɗan ƙaramin mikroskop na aljihu mai fitila wanda aka rubuta 60X a jikinshi, ya ce masu duba kuɗɗi da masu zinariya ke saye, shi ma na ɗauka a jika 3. Rasit babu, amma ya ce in wani abu ya samu cikin sati in dawo, kuma ya cika alkawari, don kwana huɗu da saye maƙalin ya tsage a wajen sifirin, na mayar ya canza min da na wata jakar bai ce uffan ba, har ruwan leda ya sa aka ba ni.

Daren farko ban samu komi ba sai hazo. Abin da ba a faɗa maka shi ne gilashin nan ba ya gani sai ka kusanto da shi kamar santimita 1 zuwa 2 daga abin da kake kallo, in ka ja baya da faɗin yatsa guda komi ya dushe. Sannan wayoyin yanzu masu ido ukku ko huɗu a baya, ɗaya ne kawai ke ɗaukar hoton, sai ka buɗe kamara ka riƙa toshe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ka gane wanne ne, a nan za ka maƙala. Rigar wayar ma sai ka cire ta, in ba haka ba gilashin ba ya zama daidai, gefen hoton ya yi baƙi kamar kana leƙe ta cikin bututu. Flash kuwa ka manta da shi, maƙalin na rufe rabinshi, sauran hasken ya wuce ta saman abin da kake so ka haska.

Sai da na yi kamar sati biyu sannan hannuna ya faɗa. Lokacin da ya fi min kyau tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe ne, a inuwa kusa da rana, in shimfiɗa farar takardar kaye a ƙasa ta riƙa maido haske. Gwiwar hannu biyu a ƙasa ko bisa tebur, a riƙe numfashi, kuma kada ka tsaya jiran wayar ta gyara hoton da kanta, kai ne za ka riƙa matsawa gaba kaɗan baya kaɗan har ya fito. Dabarar da ta fi kowace cece ni ita ce in ɗauki bideyo maimakon foto, daga baya in bi a hankali in tsayar inda ya fito tas in yi kaptir. Hoton idon nan da kuka gani, daga bideyo na minti biyu na cire shi.

Na farkon da na kama irin ɗan ƙaramin nan ne mai tsalle da ke bin bango da rana yana farautar ƙuda. Na kife mishi murfin roba mai haske, na zura takarda ta ƙasa, na aje kusa da ƙanƙara cikin kula na ƴan mintoci don sanyi na rage musu kuzari, sannan na fiddo shi na ɗora gilashi. Jama'a ban san yadda zan kwatanta muku ba. Manyan idanu biyu a gaba baƙaƙe wul suna sheƙi kamar fitilun mota, ƙanana biyu a gefensu, sauran huɗun sun zagaya ta saman kai, gashi a fuska kamar gemu, kuma da ɗumi ya dawo mishi sai ya juyo gaba ɗaya ya kalli gilashin, ya karkata kai, har hoton wayata na gani cikin idonshi. Ɗiyata ƴar shekara tara tana leƙe ta kafaɗata ta ce, Baba yana kallonmu. Ƙasan idanun kuma ga su nan, muƙamuƙai biyu gajeru masu kauri, kowane da ɗan ƙaramin fiƙa a lanƙwashe a bakinshi kamar wuƙar aska da aka naɗe. Abin da na fita nema ke nan tun farko.

Da wannan hoton na koma kilas, na aje shi gefen na Madagaska, sai darasin ya buɗe da kanshi. Na ce ku dubi na bangonmu, jikinshi kashi biyu ne, gaba inda kai da ƙirji suka haɗe wuri guda kuma ƙafafu takwas duk daga nan suka fito, sai baya inda ciki yake da wurin fidda zare, shi ya sa ba a lissafa shi cikin ƙwari masu ƙafa shida. To shi makashin ma haka yake, ba wata sabuwar gaɓa aka ƙara mishi ba, abin da muke ce ma wuya ɓawon gaban jikin ne aka ja shi sama ya zama kamar bututu, ya ɗauki idanu da gindin muƙamuƙai ya kai su can bisa ya baro baki a ƙasa, muƙamuƙan kuma suka yi tsawo daidai da wuyan don su iya komowa bakin. A jikinsu akwai wasu ƴan ƙayoyi jere masu taimaka mishi riƙo, fiƙan dafin kuma suna can ƙarshe. Yarinyar da ta yi tambaya ta ce, kenan kamar awartakin maƙeri ne mushe, yana riƙe ƙarfe mai zafi daga nesa. Ban taɓa jin kwatancen da ya kai wannan ba, har na rubuta shi a kayena.

Don kuwa amfanin tsawon ke nan. Wanda abincinshi mai dafi ne, dole ya san yadda zai kashe ba a cije shi ba. Shi ba ya saƙa yana ta kamun abinci. Da dare yake fita, sannu a hankali, sau da yawa a kife ciki sama, da ƙafa shida yake tafiya, biyun gaba dogaye yana ta shafa iska da su kamar makaho da sanda, yana neman zaren da wani gizo-gizo ya bari a bayanshi. In ya samu sai ya bi zaren har gidan mai shi, ya tsaya a gefe, yana iya daɗewa a nan bai motsa ba, wani lokaci ya riƙa taɓa zaren kaɗan-kaɗan mai gida ya ɗauka abinci ne ya faɗo ya taho da kanshi. Da ya shigo inda za a kai gare shi sai muƙamuƙan su ɗago su miƙe gaba su cake shi, sannan ya janye ɗaya ya bar shi a soke a ƙarshen ɗayan, can nesa da jiki, yana ta shure-shure ba abin da zai iya kaiwa, har dafi ya gama aiki, sannan a sauko da shi baki. Ga mutum kuwa ba shi da wata illa, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba kuma yana can cikin daji.

Bayan wanga darasi yara suka dame ni da kawo gizo-gizo a kwalaben magani da gwangwanin tumatir, kowa na cewa mushe na samo makashin. Wani yaro ya kawo mai dogayen ƙafafu siraran nan da ke zama a kusurwar ɗaki bisa, wanda in ka taɓa yanarshi yake karkarwa da sauri. Muka ɗora gilashi, wuya babu, amma na ce mishi bai yi asarar tahiya ba, don shi ma wannan yana cin ƴan uwanshi har waɗanda suka fi shi girma, sai dai tashi dabarar daban, da dogayen ƙafafun yake watsa musu zare daga nesa ya ɗaure su tamau kafin ya matso ya ciza. A jikin wannan ne muka ga hannuwan namiji, ƴan gajerun gaɓoɓi biyu da ke gefen baki, na namiji ƙarshensu a kumbure yake kamar hannun ɗan dambe da aka naɗe da kara, da su yake barbara, na mace kuwa siriri ne. Yanzu yaran kilas ɗina da ido kawai suna gane namiji da mace.

Shi dai makashin na gaske ba a same shi a Nijar ba, ba a kuma same shi a yammacin Afirka ba, kada wani ya sayi gilashi da niyyar zai gamu da shi a bayan ɗaki. Wuri ukku ne a duniya aka san yana raye, Madagaska, kudancin Afirka, sai Ostareliya, iri wajen 90 aka sani zuwa yanzu. Tarihin gano shi ma abin a tsaya a ji ne. Matacce aka fara ganinshi, cikin ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse, irin wanda ake tsinta a gaɓar tekun Baltik a arewacin Turai, mai shekara wajen miliyan 40. Mu nan mun san ƙaro, mun san yadda tururuwa ke maƙalewa a ciki a jikin itace, to haka ya faru da shi. Koch da Berendt ne suka bayyana shi a 1854, kowa ya ɗauka halitta ce da ta shuɗe, sai a 1881 wani limamin coci ɗan Ingila mai nazarin gizo-gizo, Pickard-Cambridge, ya bayyana irinshi mai rai da aka samo daga Madagaska. Daga baya an samu burbushinsu a duwatsun ƙasar Sin mai shekara wajen miliyan 165, wato tun zamanin da nahiyoyin duniya ba su gama rabuwa ba suke nan, na arewa suka ƙare, na kudu suka saura. A 2018 wata mai bincike ta gidan tarihin Smithsonian a Amurka, Hannah Wood, tare da Nikolaj Scharff na Danmak, suka bayyana sabbin iri 18 a lokaci guda, duk daga Madagaska.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai na tsibirin Kangaru ne a kudancin Ostareliya, sunanshi Zephyrarchaea austini, Rix da Harvey suka bayyana shi a 2012. Duk duniya a wani yanki guda na arewa maso yammacin tsibirin aka san shi, wajen da ake ce ma Western River. Kuma ko a can ba ko'ina ba, gidanshi busasshen ganyen da ya faɗo daga bisa bai kai ƙasa ba, ya maƙale ya taru a cikin ƙananan tsirrai da ciyayi, inda akwai ɗan laima da inuwa da ƙananan gizo-gizon da zai ci. Ba mai tahiya nesa ba ne, inda aka haife shi nan zai ƙare. Sai gobarar daji ta ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 ta cinye kusan rabin tsibirin har da wurin nan nashi, aka yi zaton ya ƙare ke nan, sai a 2021 wata mai bincike, Jessica Marsh, da abokan aikinta suka samu guda biyu, mace da ƙarami, a wani ɗan wuri da ya tsira. Guda biyu fa jama'a. Na karanta wannan da dare na kasa barci da wuri.

Shi ya sa wata lahadi na ɗauki yara shida muka sauka lambunan bakin gulbi, na ce mu nemi irin wanga mazauni ko da mai gidan ba ya nan. Ƙarƙashin mangwaro, cikin shingen ƙaya, ga ganye busasshe ya taru a tsakanin rassa bai taɓa ƙasa ba, muka shimfiɗa farin buhu a ƙasa muka kaɗa shingen da sanda. Abin da ya zubo kamar shara ne, sai da muka yi shiru minti guda sharar ta fara motsi. Ƙananan gizo-gizo iri-iri, wasu ba su kai kan allura ba, wani ja wani ruwan ƙasa wani kamar gilashi ana ganin cikinshi, a tafin hannu guda na ganye. A ƙasa kuma muka ga wata uwa mai gudu tana jan farar jakar ƙwanta maƙale a bayanta, na ce musu ita ta Madagaska a ƙafa take rataye tata. Mai lambun, wani dattijo, ya zo ya leƙa wayar ya daɗe yana kallo, ya ce malam wannan shingen duk shekara nake sa mishi wuta kafin ruwa ya sauka. Ban ce mishi ya bari ba, gonarshi ce kuma yana da dalilinshi na macizai da ɓeraye, amma da za mu tahi shi da kanshi ya ce bana zai bar na gefen rijiya. Duk wanda zai yi irin wannan fita da yara dan Allah a sa takalmi rufaffe, a yi amfani da sanda, kada yaro ya sa hannu cikin ganye, kunama ma irin wurin take so.

To in komo ga kayan. Aibin gilashin nan na farko, abin da yake nunawa tas siriri ne ƙwarai, in ido ya fito ƙafa ta dushe, in ƙafa ta fito ciki ya dushe, gefen hoton kuma kullum da ɗan hazo, tsakiya ce kawai mai kyau. A lambun nan na gane iyakarshi, masu girman milimita 4 zuwa sama yana nuna su da kyau, ƙananan kuwa sai dai ka ga siffa, ba za ka ƙirga ido ba. Na biyu maƙalin, robar banza ce, na biyun da Alhaji ya ba ni ma ya fara saki, yanzu da ƙyauron roba nake ɗaure shi. Na ukku ƙura, da hunturun nan ya shigo kullum sai na goge, kuma kada a goge da bakin riga, nawa ya samu ɗan zane a gefe ta haka, a nemi ƙyallen gilashin ido a riƙa mayar da murfi da an gama. Sauran gilasan biyu, mai faɗaɗawa da mai lanƙwasa hoto kamar ƙwallo, ban da abin yi da su, suna cikin jaka.

Shi kuwa ɗan mikroskop na jika 3, gsky ban ji daɗinshi kamar yadda na zata ba. Sai ya kusan taɓa abu sannan yake gani, wurin da yake nunawa ɗan mitsitsi ne, don haka abu mai rai ba ya tsayawa a gabanshi. Batiranshi irin na agogo ne guda ukku, LR1130, sai wajen masu gyaran agogo na same su, kuma ba sa daɗewa in yara na karɓa hannu-hannu suna barin fitilar a kunne. Inda ya yi min rana guda ne, saɓar gizo-gizo, wato tsohuwar fatar da yake tuɓewa in ya girma, wadda ake samu rataye a yana kamar gawa. Ita ba ta motsi, na ɗora shi a kai muka ga fiƙan nan sarai da ƴan haƙoran da yake kwanciya tsakaninsu, da gashin ƙafa kowane da gindinshi. Mun kuma duba ƙwaron wake da ramin da yake fitowa, wani abokina mai sayar da hatsi har aro ya yi. In kai malami ne kana da rarar kuɗɗi ka haɗa da shi, in ba haka ba na jika 2 da rabin ya ishe ka.

Wa zan ce ya saya? Malaman SVT dukansu, don waya guda da gilashin nan sun fi zanen alli goma, iyaye masu yara masu yawan tambaya, masu lambu da ke son ganin abin da ke cin ganyen tumatir da kabeji tun yana ƙarami, har teloli da masu sayen shadda don yana nuna saƙa. Mai son hoton biki ko na kanshi kada ya ɓata kuɗɗinshi, ba aikinshi ke nan ba. Wanda kuma ba shi da haƙurin durƙuso minti goma a gaban bango shi ma ya bari, zai ce na yaudare shi. In za ka saya ka tahi da wayarka, ka cire mata riga a gaban mai butik, ka kwance gilashin, ka gwada a zaren hularka, ka matsa maƙalin sau biyu ukku ka ji ko sifirin na da ƙarfi, ka ɗaga gilashin sama ka duba zane, kuma kada ka wuce jika 3.

Duk gizo-gizon da muka kama muna sakinshi inda aka ɗauko shi, wannan sharaɗi ne na sa ma yara tun ranar farko, wanda ya kawo matacce ba a duba nashi. Yanzu abin da nake nema irin gilashin nan mai maƙalin ƙarfe, an ce min ana samu, in akwai mai shiga Katsina ko Kano cikin watan nan ya taimaka ya duba min, guda biyar nake so don in raba yara gurup-gurup, kuɗɗin na hannu.